SHARHI: YADDA MASU SUFURIN KAYA ZA SU BUNƘASA A TALATA MAFARA DA BAKURA DA MARADUN

Duk wanda ya san yammacin Jihar Zamfara ya san cewa arzikin ƙananan hukumomin Talata Mafara da Bakura da Maradun a bayan mota yake fita, a bayan mota kuma kayan masarufi suke shigowa. Layin dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa Gusau ya tsaya ne a Ƙauran Namoda tun shekarar 1929, bai ƙaraso wannan yanki ba. Saboda haka buhun shinkafar manomi, da kwandon tumatirinsa, da takin da zai zuba a gona, da kayan malamin makarantar da aka yi wa canjin wurin aiki, da kayan jeren amarya, dukkansu suna jiran direba ne da yaransa. Ranar da mota ba ta zo ba, ko ta zo da farashin da ya fi ƙarfin mai kaya, asarar takan faɗa kan talaka kafin kowa.

A kan haka ne muka ga ya dace mu yi nazarin halin da wannan sana'a take ciki, musamman yadda mai mota ɗaya zai iya zama mai kamfani na sosai. Mun duba abubuwa uku da galibi su ke ɗaga mai sufuri ko su durƙusar da shi, wato irin mutanen da yake ɗauka aiki, da yadda yake biyan su, da kuma yadda yake tattalin kuɗin da yake kashewa.

AIKIN DA KE AKWAI A YANKIN

Tushen wannan kasuwa shi ne madatsar ruwan Bakolori, wadda kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya kammala ginawa a kan kogin Sakkwato a shekarar 1978, a ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. An tsara madatsar ta riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 450, ta kuma shayar da gonaki kimanin hekta 23,000 a waɗannan ƙananan hukumomi uku. Bayan shekaru da dama da hanyoyin ruwan suka yi suna lalacewa, shirin TRIMING na Gwamnatin Tarayya, wanda Bankin Duniya ya amince da tallafa wa a 2014, ya sanya Bakolori cikin wuraren da aka gyara. Abin da wannan yake nufi ga mai mota shi ne, yankin yana da girbi biyu a shekara: na damina da ake kwashewa da kaka, da na rani da ke fito da shinkafa da albasa da tumatir da dankali da masara.

Bugu da ƙari, garin Talata Mafara yana kan babbar hanyar da ta haɗa Gusau da Sakkwato, kuma kasuwarsa ta ranar Talata tana tara 'yan kasuwa daga nesa da kusa. A garin ne kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau take, tare da Jami'ar Jihar Zamfara, yayin da Bakura ke da kwalejin aikin gona. Ma'aikata da ɗaliban waɗannan makarantu suna tashi da kayansu a lokutan da aka sani. Sannan akwai wani aiki mai sosa zuciya da rashin tsaro ya haifar, wato kwashe kayan iyalan da suka baro ƙauyukansu zuwa manyan garuruwa.

Ke nan aiki yana nan. Abin tambaya shi ne, me ya sa mafi yawan masu wannan sana'a suke ƙarewa da mota ɗaya, wasu ma su rasa ta, alhali lodi bai yanke ba?

ABIN DA YA SAUYA A 'YAN SHEKARUN NAN

Idan ba a manta ba, a farkon 2022 ana sayar da litar man dizal a kan kusan naira 300, amma kafin shekarar ta ƙare ta kai wajen naira 800. A ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya bayyana cire tallafin man fetur, inda litar ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. A watan Yunin 2023 aka saki darajar naira, dalar Amurka da ake canjawa a kan kusan naira 460 a hukumance ta wuce naira 1,500 a farkon 2024. Tun da yake galibin tayoyi da batura da kayan gyaran manyan motoci daga waje ake shigo da su, farashinsu ya bi dala. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a watan Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, a daidai lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari.

Har ila yau, yankinmu ya sha nasa tasku na musamman. Shekarar 2021 kaɗai ta ga sace ɗalibai a Jangebe ta ƙaramar hukumar Talata Mafara a watan Fabrairu, da a kwalejin aikin gona ta Bakura a watan Agusta, da kuma a garin Kaya na ƙaramar hukumar Maradun a farkon Satumba. A watan na Satumba ne aka katse layukan waya a faɗin jihar, aka rufe kasuwannin mako-mako, aka hana safarar dabbobi da sayar da mai a jarka, duk domin a toshe wa 'yan bindiga hanyoyin samun guzuri. Waɗannan matakai, duk da dalilinsu mai ƙarfi, sun ajiye motoci da yawa na tsawon makonni. Sai kuma ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin da aka sauya fasalin naira, wanda ya nuna wa kowa haɗarin dogara da tsabar kuɗi kaɗai.

Darasin da ke cikin wannan a bayyane yake. A da, mai mota yana iya yin sakaci da lissafi, ribar ta rufe masa asiri. Yanzu ratar da ke tsakanin kuɗin shiga da kuɗin fita ta ƙuntata, ta yadda kuskure kaɗan kan mayar da riba asara. Idan kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya.

ƊAUKAR MA'AIKATA

Kakanninmu fatake da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro ba su tashi ayari da ka. Akwai madugu mai shugabanci, akwai jagaba mai duba hanya da zango, akwai uban dawaki mai kula da kuɗin da ake biya a hanya, akwai kuma malamin da ke riƙe da rubutu. Kowa ya san aikinsa da iyakarsa. Mai kamfanin sufuri na yau yana bukatar irin wannan rabon aiki, ko da motarsa biyu ce rak.

Mutum na farko shi ne direba, domin shi ake damƙa wa dukiyar miliyoyin naira ya ɓace da ita daga idon mai ita na kwanaki. Al'adar da aka saba ita ce a ba ɗan'uwa ko ɗan aboki mota saboda zumunci. Zumunci abu ne mai kyau, sai dai yana da wuya a tuhumi ɗan ƙanwa a kan kuɗin mai, ya fi wuya kuma a sallame shi. Abin da ya fi dacewa shi ne a bi ƙa'ida ɗaya ga kowa: a ga lasin tuƙi na gaskiya mai ajin da ya dace da girman motar, a tuntuɓi wanda direban ya yi wa aiki a baya, a samu mutum biyu sanannu da za su tsaya masa a gaban mai unguwa ko shugaban tasha, sannan a gwada shi na wata guda a gajerun hanyoyi, kamar tsakanin Talata Mafara da Gusau, kafin a tura shi Kano ko kudu. Wajibi ne kuma a tabbatar ba ya shan ƙwaya, domin direban da ke korar barci da ƙwaya wata rana shi da motar da kayan jama'a zai kifar.

Na biyu shi ne yaron mota. Kamfanin da ke son ɗorewa daga cikin yaransa yake rainon direbobinsa na gobe. Idan yaro ya san cewa bayan shekara biyu ko uku na riƙon amana za a kai shi makarantar koyon tuƙi, a yi masa lasin, a ba shi ƙaramar mota, zai kula da motar maigidansa kamar tasa. Wannan ya fi sauƙi da arha a kan zawarcin direbobin wasu duk lokacin da aka ƙaro mota.

Na uku su ne masu lodi. Ɗaukar buhu daban, ɗaukar kayan gida daban. Mai kwashe kayan ƙaura ko na jere yana shiga har cikin gida, yana taɓa gado da sif da firiji da kwanukan da mace ta yi shekaru tana tarawa. Irin wannan aiki yana bukatar mutane masu ladabi, waɗanda suka san sallama da kiyaye hurumin gida, suka kuma iya naɗe abin da zai fashe. Shawararmu ita ce kamfani ya riƙe mutum biyu ko uku na dindindin da ya horar, ya riƙa ƙarawa da 'yan dako na tasha a lokacin da aiki ya yi yawa.

Na huɗu, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne mai rubutu. Daga lokacin da motoci suka kai biyu, ƙwaƙwalwar maigida ba ta iya riƙe komai. Makarantun da ke yankin suna yaye matasa masu ilmin lissafin kuɗi, maza da mata, da yawansu kuma suna zaune babu aiki. Albashin ɗaya daga cikinsu bai kai kuɗin da ke zurarewa a wata guda ba idan babu mai rubutawa.

BIYAN HAƘƘIN MA'AIKATA

Hanyoyi uku aka fi bi wajen biyan direba a wannan sana'a, kowace kuma tana haifar da irin nata hali.

Ta farko ita ce balas, inda direba zai riƙa kawo wa mai mota wani adadi da aka yanke, sauran ya zama nasa. Mai mota yana samun kwanciyar hankali a farko, amma direban da balas ke binsa zai yi lodin da ya wuce kima, ya yi gudu, ya jinkirta juyen baƙin mai, domin duk abin da ya rage a aljihunsa zai zauna. Cikin shekara biyu sai a mayar wa mai ita da gangar jikin mota. Ta biyu ita ce kaso, inda ake cire kuɗin mai da na hanya a raba abin da ya saura bisa yarjejeniya. Wannan ya fi kusa da adalci, amma yana tsayuwa ne kacokan a kan gaskiyar abin da direba ya faɗa. Ta uku ita ce albashin wata, wanda ke ba ma'aikaci natsuwa, sai dai idan shi kaɗai ne yakan sa direba ya daina neman lodin dawowa, tun da samu da rashi duk ɗaya ne a wurinsa.

A ganinmu mafita ita ce a haɗa su. A yanka wa direba albashin wata wanda zai riƙe gidansa ko da damina ta tsayar da aiki, a ɗora masa alawus na kowace tafiya da kuɗin abinci, a ba shi wani kaso na musamman a duk lodin dawowa da ya samo da kansa, sannan a ajiye masa tukuici a ƙarshen kaka da ƙarshen rani idan bai yi haɗari ba kuma kayan kowa ba su salwanta ba. Ta haka abin da ke amfanar kamfani shi ne zai amfani direba.

Ya kamata masu motoci su san abin da doka ta tanada. Dokar Ƙwadago ta wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da fara aiki. A watan Yulin 2024 an ɗaga mafi ƙarancin albashi na ƙasa daga naira 30,000 zuwa naira 70,000. Dokar ta ɗauke wa masu ma'aikata ƙasa da 25 wannan nauyi, amma kasuwa ba ta ɗauke musu ba, domin direban kirki da aka biya abin da ba zai ciyar da iyalinsa ba zai koma Kano ko Kaduna, ko kuma ya biya kansa da kansa daga tankin mai. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta tanadi mai aiki ya riƙa zuba kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashin ma'aikatansa a asusun NSITF, domin wanda ya ji rauni ko ya rasu a bakin aiki. Haka kuma dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ma'aikata 15 zuwa sama ya zuba kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kuma ya zuba kashi 8. Wanda ke da niyyar girma gara ya sanya waɗannan a lissafinsa tun da wuri, domin manyan kamfanoni da hukumomin gwamnati sukan nemi shaidarsu kafin su ba da kwangila.

Abu biyu ne suka fi ɓata tsakanin mai mota da yaransa: jinkirin biya, da yankan albashi ba bisa ƙa'ida ba. Masu lodi da abin da suka samu yau suke cefanen yau, don haka a sallame su kafin mota ta tashi. Idan kuma kaya suka lalace, a bincika tukuna. Tayar da ta fashe saboda maigida ya ƙi sauya ta ba laifin direba ba ce.

TATTALIN KASHE KUƊI

Babbar cutar da ke kashe masu mota ita ce ɗaukar ciniki a matsayin riba. Mutum ya karɓi kuɗin lodi, ya cire na mai da na direba, ya zuba sauran a aljihun da yake cefane da biki da gudummawa. Ranar da inji ya buga sai a nemi kuɗi a rasa. Matakin farko shi ne raba aljihu: asusun mota daban, na gida daban, shi kansa maigida ya yanka wa kansa albashi.

Kuɗin da mota ke ci iri biyu ne. Akwai wanda ke bin tafiya, kamar mai da abincin ma'aikata da la'adar ɗan kamasho da kuɗin tasha. Akwai kuma wanda ke fita ko mota ta motsa ko tana ajiye, kamar albashi da takardun mota da inshora da biyan bashi. Daga ranar 1 ga Janairu, 2023, hukumar kula da inshora ta ƙasa ta mayar da kuɗin inshorar dole ta manyan motocin haya na ɗaukar kaya naira 100,000 a shekara. Wannan inshorar ta shafi ɓarnar da mota ta yi wa wani ne kawai. Kayan da ke bayan motar suna bukatar tasu inshorar daban.

Sai kuma kuɗin da ba a ganin fitarsa, wato tsufar mota. Bari mu ba da misali don a fahimta. A ce mutum ya sayi kanta a kan naira miliyan 24, yana sa ran za ta yi masa aiki shekara 6. Ke nan kowace shekara naira miliyan 4 na darajarta ke tafiya. Idan tana fita sau 100 a shekara, kowace fita tana cin naira 40,000 daga jikin motar. Wanda bai ajiye wannan kuɗi a gefe ba, motarsa yake ci a hankali yana zaton riba ce. Haka ya kamata a yi wa taya da batir da gyaran inji: a raba kuɗinsu a kan yawan tafiye-tafiye, a cire kafin a ambaci riba.

Game da mai, hanya mafi sauƙi ita ce a cika tanki a gidan mai ɗaya da aka amince da shi, a rubuta lambar tafiyar da ke kan agogon mota, a sake cikawa bayan an dawo. Cikin wata guda za a san abin da kowace mota ke sha a kowace hanya, daga nan duk wani bambanci zai fito fili, ko daga inji ne ko daga hannu. Shirin Gwamnatin Tarayya na mayar da motoci masu amfani da iskar gas, wanda aka fara a 2023, abin sa wa ido ne, amma kada mai mota ya kashe kuɗin juya injinsa sai ya tabbatar akwai wurin shan gas a hanyar da yake bi.

Dawowa babu kaya ita ce asara mafi girma da aka saba da ita har aka daina ganin ta. Motar da ta kai shinkafa ko albasa Kano ta dawo wayam ta sha man zuwa da dawowa a kan kuɗin lodi ɗaya. Alhali akwai kayan da yankin nan ke saye kullum: siminti daga masana'antar BUA da ke Kalambaina a Sakkwato, kayan masarufi da na gini daga Kano, taki da iri a gabanin damina da farkon rani. Kamfanin da ya ƙulla alaƙa da dillalai biyu ko uku a kowane ƙarshen hanya zai iya rage wa manomi kuɗin mota, ya kuma fi abokan sana'arsa riba.

Lodin da ya wuce kima kuwa riba ce ta yini ɗaya. Ƙarin buhu ashirin na iya kawo 'yan dubbai, amma yana cin taya da sifirin da birki, yana kuma fasa hanyar da kowa ke bi. Haka nan kayan gyara na jabu, waɗanda masu iya magana suka riga suka yi musu hukunci da cewa araha ba ta ado. A riƙe bakanike ɗaya amintacce, a yi juye a kan lokaci, a duba mota kafin kaka ta kama, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Daga ƙarshe a wannan babi, bashi. Mai sufuri yana sayen mai da kuɗi hannu, saboda haka ba zai iya yin aiki bashi ga kowa ba. A karɓi kafin alƙalami da zai ishi mai, a rubuta takardar kaya mai ɗauke da adadi da yanayin kowane abu a gaban mai shi, a cika sauran kuɗin wurin saukewa. Biya ta banki ko ta waya ya fi aminci, yana kuma barin shaidar da banki zai duba ranar da aka je neman jari.

BATUN TSARO

Babu lissafin sufuri a Zamfara da zai cika ba tare da tsaro ba. A ƙarshen Janairun 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da rundunar Askarawan Zamfara domin taimaka wa jami'an tsaro, amma wannan bai ɗauke wa mai mota nasa nauyin ba. Kada a tilasta wa direba tafiyar dare saboda kwaɗayin ƙarin sawu ɗaya. A tuntuɓi shugabannin tasha da jami'an tsaro a kan halin hanya kafin a shiga ƙauyukan da ke nesa da kwalta. A rage yawo da tsabar kuɗi. A san mai kaya, a san abin da ke cikin buhu, domin motar da aka kama tana kai wa ɓarayin daji mai ko abinci ta jawo wa mai ita abin da ya fi asarar mota. Ya kamata kuma tun ranar ɗaukar aiki a yi magana a fili a kan abin da kamfani zai yi wa iyalin ma'aikaci idan wata masifa ta same shi a hanya.

YAUSHE ZA A ƘARA MOTA?

Mota ta biyu ita ce ta fi kayar da mutane. Alamar cewa lokaci ya yi ita ce a shekara guda cur ana mayar da masu kaya saboda rashin wuri, ga direban da aka raina a gida yana jira, ga kuma ajiyar da za ta riƙe albashin wata uku ko da aiki ya tsaya. Kafin a kai nan, gara a riƙa ɗaukar shatar motar wani a lokacin cunkoso ana cin 'yar riba.

Wajen neman jari, bashin banki mai ruwa yana da nauyin da lodin buhu ba ya iya ɗauka, ga kuma damuwar da yawancin jama'armu ke da ita game da riba. Bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019, suna da tsarin sayen kadara su sayar wa mutum ya biya a hankali. Akwai kuma haɗin gwiwa, inda mutum uku ko huɗu, ko ƙungiyar manoman rani, za su haɗa kuɗi su sayi mota da yarjejeniya a rubuce. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar yi wa ƙaramin kamfani rajista shi kaɗai. Wanda motocinsa suka kai 5 kuma ya sani cewa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana bukatar ya yi rajista a tsarinta na masu tarin motoci, sannan tun Fabrairun 2017 take tilasta sanya na'urar taƙaita gudu a motocin haya.

NAUYIN DA KE KAN HUKUMOMI

Tsarin mulkin ƙasa ya ɗora wa ƙananan hukumomi kafawa da kula da kasuwanni da tashoshin mota, da gyaran hanyoyin cikin gari. Muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomin nan uku da jami'an kuɗin shigarsu da su zauna da ƙungiyoyin NURTW da NARTO su fitar da jadawalin kuɗin tasha guda ɗaya, a liƙa shi inda kowa zai gani, a kuma ba da rasit. Tun 1998 aka yi dokar da ta hana kafa shinge a hanya domin karɓar haraji. Duk nairar da aka karɓa ba bisa ƙa'ida ba, direba zai ɗora ta a kan buhu, dillali kuma ya cire ta daga kuɗin manomi.

Abin da ya faru a ƙarshen Fabrairun 2021, lokacin da ƙungiyar dillalan abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya kudu na 'yan kwanaki, ya isa misali. Tumatir da albasa sun yi tsada a Legas, a nan Arewa kuwa suka faɗi warwas a hannun manoma. Darajar amfanin gona tana rataye ne da motar da za ta kai shi kasuwa.

Saboda haka gyaran hanyoyin da ke shiga gonakin Bakolori kafin damina, da tanadin wurin lodi mai tsaro a kasuwanni, da ba masu motocin yankin da suka yi rajista aikin rarraba taki da kayan tallafi, tare da biyan su a kan lokaci, duk ayyuka ne da ba su fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba. Hakimai da dagatai da masu unguwanni su ma suna da rawar takawa wajen shaidar matasan da za a ɗauka aiki da sasanta saɓani tsakanin mai kaya da mai mota.

KAMMALAWA

Kowace motar kaya da ke aiki da tsari tana ciyar da gidan direba da na yaronsa da na masu lodi da bakanike da mai faci, tana kuma janye matasa daga zaman banza a yankin da ya san illar hakan fiye da ko'ina. Muna kira ga masu motoci da su fara da abin da ke hannunsu tun kafin kaka mai zuwa: su sayi littafin rubuta shiga da fita, su buɗe wa mota asusunta, su zauna da direbobinsu su rubuta yarjejeniya. Sannu ba ta hana zuwa. Allah Ya kiyaye hanya, Ya ba mu lafiya da zaman lafiya a Jihar Zamfara da ƙasa baki ɗaya.